Garin Taba a Hancina

A shekarar da aka fara sako ruwan madatsar Bakolori cikin kanal ɗin noman rani, wani yaro ya rasu a Dakko bayan ya yi iyo a ruwan kwance mai ɗumi. Malamin asibiti ya ce wata halitta ce da ido ba ya gani, takan bi ta hanci ta kama ƙwaƙwalwa.

Ran nan da la'asar na dawo gida daga iyo a kanal jiƙe sharkaf. Kakata ta cafke ni.

"Mai gidana, ruwa ya shiga hancinka?"

"Kaɗan, Inna."

Ta haɗa garin taba da barkono ta ɗura mini a hanci. Na yi ta atishawa ina hamdala, tana amsawa. Sannan ta duba ƙasa.

"Ban ga komi ba."

"Ai ba a ganinta, Inna."

"To, ta fita ke nan."

Yau na san taba ba magani ba ce, Allah ne ya tsare ni.

Da ta ga hawayena, sai ta shaƙe ragowar, ta yi atishawa har kallabinta ya faɗi.

"Na biya ka, ja'iri. Amsa mini."

Na ce, "Yarhamukillahu."