Gambar da Aka Yi wa Ban Ruwa

A shekarun fari ne, wata rana da la'asar na kai wa Baba fura gonarmu ta hanyar Shanono. Na tarar da shi tsugune a bakin iyaka, inda gamba ta raba mu da gonar wansa, Baffa Sale. Sati uku rabon da a yi ruwa, amma gindin gambar a jiƙe yake.

Ya damƙo ƙasar ya kai mini hanci. "Me kika ji?"

"Ƙamshin ruwa, Baba."

"Wa zai yi wa gamba ban ruwa in ba sabon dashe ba ce?"

Na ce jiya na ji Baffa yana cewa bana ya faɗaɗa gonarsa, me ke nan?

"Daga faɗi aka samo kalmar, wato ƙara wa abu faɗi. Amma ƙasa ba ta miƙewa, 'yar nan. In ta ƙaru can, nan ta ragu."

Kunya biyu ta geronmu ta koma tsallaken gambar. Baffa ya ɗago mana hannu daga nesa, Baba ya amsa da hannun da ke riƙe da ƙasar.

Har yau, in aka ce za a faɗaɗa wani abu, ƙamshin nan nake ji, sai in fara neman wanda za a matse.