Muryar Kawu Nomau

Kai Injiniya, tunda ka ce gyaran nan zai iya jira sai wani satin, jawo kujera in ba ka misali. Ba zan ci lokacinka ba.

An yi wani maginin shafukan intanet, Lurwanu. Ya iya aiki, ba a raina shi, sai dai akwai ji da kai. Wani gidan rediyo a garinsu ya ba shi aikin shafin da masu sauraro za su riƙa sauke tsofaffin shirye-shirye. Bai fara daga tushe ba, wa ke da wannan lokacin? Ya ɗauko ginshiƙin manhaja da wasu suka riga suka ƙera, irin wanda kowa ke ɗora nasa ginin a kai, ya ƙawata shi, ya miƙa. To, a kwamfutar gidan rediyon akwai folda biyu, wato ma'ajiyun fayiloli, maƙwabtan juna. Ɗaya ta shirye-shirye ce, ta kowa da kowa. Ɗayar kuwa ta saƙonnin murya ce da mutanen ƙauye ke turowa a ɓoye, suna tona asirin masu kai wa 'yan bindiga fetur da burodi cikin daji. Kafin a sa saƙo a iska sai an sauya muryar, amma ta ainihin tana nan a ajiye.

Lurwanu na da kawu a ƙauye, Nomau, yayan mahaifiyarsa, manomin gero da ya ba sittin baya. Tsohon ya san wanda ke safarar jarkokin fetur a garinsu, ya gan shi da idonsa ba sau ɗaya ba, amma tsoro ya ɗaure masa baki. Lurwanu ne ya zaunar da shi ranar wani suna, ya ce, “Kawu, tura kawai. Ni na gina wurin da hannuna. Wallahi ko aljani bai isa ya ji muryarka ba.” Tsoho ya yarda da ɗan ƙanwarsa mai boko, ya kanga waya a baki, ya faɗi suna.

Ashe ginshiƙin nan akwai ɓaraka a jikinsa. Sashen da ke miƙo wa mutum abin da ya nema, farkon adireshi kawai yake dubawa. In ya ga an fara da foldar shirye-shirye, shi ke nan, ya gamsu, sai ya bi sauran umarnin ido rufe. Akwai kuma wata 'yar alama, ɗigo biyu da sanda a karkace, wadda ke ce wa kwamfuta ta ja da baya taki ɗaya. Ka ga ke nan mutum na iya rubuta: shiga shirye-shirye, ja da baya, faɗa maƙwabciya, ɗauko mini abin da ke ciki. Kamar mai gadin da ya ji ka ce zaure za ka, bai ƙara ɗaga kai ya ga ka zarce ɗakin matar gida ba. Masu ginshiƙin sun gano haka, sun toshe, sun aiko da sanarwa cewa kowa ya sabunta nasa. Lurwanu ya gani. Ya karanta har ƙarshe, ya taɓe baki ya ce abin da ke tafiya lafiya me za a taɓa a cikinsa, kuma wa ya damu da ɗan gidan rediyon lungu? Ya ce gobe. Goben nan ta yi wata huɗu.

Ana nan sai wani mugu ya shiga. Bai fasa komai ba, bai saci kalmar sirrin kowa ba. Layi ɗaya ya rubuta, shafin ya miƙo masa foldar gaba ɗaya cikin ladabi. Ranar kasuwa sai ga muryar Nomau tana yawo a wayoyin mutane, tsirara, har da tarin nan nasa da kowa ya sani, har da kukan jakinsa daga baya. Kafin la'asar wani maƙwabci mai tsoron Allah ya raɗa masa cewa 'yan bindigar sun ce za su zo su gaishe shi. Bai tsaya ɗaukar ko fartanya ba. Ya tattara iyalinsa suka bi ta bayan gari. Washegari aka cinna wa gidan wuta, da rumbuna biyu, da geron da saura kwana goma a yanka.

Lurwanu ya same shi a tasha, zaune kan tabarmar aro, ƙafafu duk ƙaya. Ya durƙusa yana zagin ɓarayin intanet, Allah ya isa, Allah ya tsine. Tsohon ya bar shi har ya gaji, sannan ya ce, “Ɗan nan, ƙofar da ka ce ka kulle, ɓalle ta suka yi?” Lurwanu ya so ya ce e. Bakinsa ya ƙi. Ya ce, “A'a, Kawu. Tambaya suka yi, aka ba su.” Nomau ya gyaɗa kai.

A ranar Lurwanu ya yi sabuntawar. Minti bakwai ta ɗauke shi, ya duba agogo, ya yi kuka kamar ransa zai fita. Kawun yana nan har yau a zauren gidan Lurwanu, mutumin da ya ciyar da gida uku daga gonarsa, yana jiran a miƙo masa kwano. Ba ya zagi, ba ya gori. Sai dai ko gaisuwa ce aka ce ya yi wa wani a waya, yakan ture ta da bayan hannu.

Mugu dai mugu ne, ban wanke shi ba. Amma mugaye ba su taɓa ƙarewa a duniya ba, kullum suna bin gini suna shafawa. Tashi ka je ka yi gyaran nan yanzu, Injiniya, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.