Rediyon Sama'ila Da GPS Na Uku

Sama'ila ya doka GPS ɗin, na'urar nan mai gane inda mutum yake, a kan teburin mai gyara, har ƙananan kusoshi suka yi tsalle.

Na biyu ke nan da ya saya cikin kwana uku. Na farko a Makarfi ne, inda wani maƙaryacin mai shago ya yi ta rantsuwa cewa duk rediyon duniya zai ɗauke shi. Da aka zo sakawa sai ga bakinsa irin na cajar waya, ko ramin rediyon bai shiga ba. Na biyun ya shiga daram, amma shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Wannan wane irin wulaƙanci ne?

Rediyon ba na magana ba ne, na saurare ne kawai. Duk abin da masu oba-oba, rediyon magana na hannu, ke faɗa a kusa yana kamowa. Matsalar ita ce yankin Kudan da tashar da ake magana a kai, Makarfi da tata, Ikara ma da tata, kuma mutumin da ke tuƙa babur ba shi da hannun latse-latse. In an haɗa masa GPS ɗin da ya dace, da kansa yake sauya tasha duk inda aka shiga.

Shanu arba'in da biyu ne ke jiran Sama'ila a wani kwari bayan Taba. Gobe dole su tashi su wuce Ikara, kuma shi ne mai shiga gaba yana duba hanya. In bai ji motsin masu tare hanya da wuri ba, shanun sun tafi ke nan, shi ma Allah kaɗai ya san makomarsa.

Shi ya sa ya biyo ta hanyar gonaki har Ikara, wurin Ja'afaru mai gyara, wanda aka ce ko rediyon da ya shekara goma da mutuwa yana tayar da shi.

To amma Ja'afarun nan, kai, Allah ya yi bawa mai nawa! Ya ɗauki rediyon ya juya bayansa, ya shafa wani wuri da aka kankare. Ya kwance murfin ya zuba wa dalmar ciki ido, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Can ya ɗago ya kama gaisuwa: ya gida, ya iyali, ya aka ji da ruwa, daga wane gari?

"Malam, aiki na kawo maka, ba zumunci ba," in ji Sama'ila.

"Haka ne. Naka na biyun lafiyarsa ƙalau, sauri ne ya yi wa rediyon yawa. Wannan rediyon sai GPS mai aiko da bayani a hankali, a gudun dubu huɗu da ɗari takwas, kuma mai batirin kansa. Akwai guda a gida, bari in ɗauko."

Ya zari wayarsa ya fita ta ƙofar baya. Gidan da ya ce ga shi nan kusa, sai da ya cinye minti arba'in. Sama'ila na zaune yana fuskantar ƙofa, makullin babur a hannu. Duk wanda ya leƙo shagon sai ya sunkuyar da kai, don ba ya son surutu.

Dawowar Ja'afaru ke da wuya aka kira azahar, ya ce sai ya yi salla. Ya idar, ya zauna lazimi. Ya tashi ya ce babu wuta, sai an hura gawayi a gasa ƙarfen dalma. Waya uku kacal zai haɗa, amma kowacce sai ya fere ta, ya busa, ya ɗaga ta ga haske. Wallahi ko mai haƙurin damo ne sai ya fusata.

"Wai kai da gangan kake yi ne?"

"Aikin gaggawa shi ya kawo ka nan," Ja'afaru ya amsa, ko kallonsa bai yi ba.

Sama'ila ya haɗiye zagin da ya zo masa baki. Yana buƙatar mutumin nan, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Sai dab da la'asar aka rufe murfi. Ja'afaru ya miƙa masa.

"Ya haɗu. Amma GPS ba ya kamawa a ƙarƙashin kwano, sai ya ga sararin sama. Je ka tsakiyar filin ƙwallon can, nesa da bango da bishiya. Ka bar babur a nan, ƙarfe na rikita shi. Ka ɗaga shi sama, kada ka motsa sai fitilar ta koma kore. Ka motsa, ya koma farko."

Haka Sama'ila ya tsaya a tsakiyar fili, rana na dukan ƙeyarsa, hannu a sama, yana tsine wa mai shagon Makarfi da Ja'afaru da duk wanda ya ƙera rediyo. Fitilar na ta ƙyafta ja. Minti biyu. Minti biyar. Kafaɗarsa ta fara zugi, bai motsa ba.

Fitila ta koma kore. Rediyon ya rubuta Ikara, ya nemo tashar da kansa. Sama'ila ya saki ajiyar zuciya, yau dai shanu sun tsira.

Rediyon ya yi shuu, sai ga murya tar, da sauri, babu ko ɗigon nawa a cikinta. Muryar Ja'afaru ce a oba-oba.

"Kwamandan 'yan sintiri, ku rufe ta gefen makaranta, ga shi can tsaye shi kaɗai. Shi ne mai duba wa ɓarayin shanun Likoro hanya, kuma rediyon da ke hannunsa na ƙanena Musa ne, wanda suka kashe a bakin garke. Sun kankare sunansa a baya, amma dalmar ciki aikina ce."