Wuyan Eusebio a Layi na Uku

Likitar ta ɗaga hoton ƙashin ta nuna wa Eusebio Carmona wuyansa. Ya lanƙwashe gaba kamar ƙugiya.

"Aikin ibada ne," in ji Eusebio, yana gyara zama. "Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar dandamalin mutum-mutumin Maryamu a kan wannan wuyan."

"Aikin waya ne," in ji likitar. "Awa nawa kake yi a kanta a rana?"

"Ɗan kaɗan."

"Tara," in ji matarsa Remedios. "Har a banɗaki."

Ba ta yi masa sharri ba. Tun da ya yi ritaya daga tuƙin bas, Eusebio ya duƙufa kallon bidiyon jerin gwanon Makon Ista na garinmu. Masu ɗaukar dandamali a ƙarƙashinsa suke, labule ya rufe su, ƙafafunsu kawai ake gani. Shi kuwa sai ya tsayar da bidiyon ya nemo nasa.

Likitar ba ta ɓoye masa komai ba. Jijiya ta matsu a tsakanin ƙashi. Idan nauyi ya sauka a wurin, zai iya rasa hannu da ƙafa gaba ɗaya. Ko jakar lemo kada ya ɗauka. Dandamalin kuwa kilo dubu da ɗari biyar ne, ga shi saura kwana goma sha biyu a fita da shi.

Ranar awo, Don Anselmo, shugaban masu ɗauka, ya jera mazansa talatin da biyar. Yana bin su yana dafa ƙashin wuya, dogo da dogo, gajere da gajere, domin azarar dandamalin ta zauna daidai a kan kowa. Mutum ne mai tsantseni, yakan ɓata minti biyar a kan wuya guda. Da ya zo kan Eusebio ko taɓa shi bai yi ba.

"Layi na uku, tsakiya, kamar kullum."

Eusebio ya dawo gida yana hura hanci. "Ni fa kowace shekara abin ƙara mini sauƙi yake yi. Yaran zamani ne ba su da ƙashi."

"Ƙashin naka da na gani a hoto?" in ji Remedios. "Kai tsoho, ka ji tsoron Allah!"

Remedios ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɓoye gammonsa a cikin tanda. Ya je ya aro wani. Tsoro ya ishe ta, ta ɗauki takardar likita ta kai wa Don Anselmo har shagonsa. Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mata.

"Zai shiga."

Abin da ta kira shi ranar, ba zan maimaita ba.

Ranar Alhamis dandamali ya fito da hantsi. Awa shida Remedios tana biye da shi cikin cunkoso, idonta a ƙasan labule, a kan farin takalmin mijinta. Duk sanda Don Anselmo ya buga gudumar ba da umarni maza suka zabura da nauyin sama, sai ta ƙara matsawa kusa da labulen. Tana jin nishin Eusebio daga waje, ya fi na kowa ƙarfi. A hawan titin kasuwa ta ga ƙafarsa ta zame, ta rufe ido tana kuka.

Da la'asar aka sauke a cikin coci. Ramiro da Isidro, waɗanda ke gefensa dama da hagu, suka fito da rarrafe, suka kwanta a kan matakala an ɗora musu ƙanƙara a wuya. Eusebio ya fito da ƙafarsa, ya nemi giya mai sanyi, ya zaro waya ya duƙa yana neman bidiyon yau.

Remedios ta tare Don Anselmo a bakin ƙofa.

"Da ya mutu a ƙarƙashin nan fa? Da me za ka ce mini?"

Don Anselmo ya waiga, ya tabbatar Eusebio ba ya ji, sannan ya rage murya.

"Doña Remedios, ki rufa mana asiri. Shekara huɗu ke nan wuyan mijinki bai kai azarar ba, saura yatsa biyu. Ramiro da Isidro ne ke raba kasonsa, shi rakiya kawai yake yi yana nishi."