Yatsun da Siminti Ya Cinye

Tsohon ya rantse shi ya riga kowa gani, tun ranar da aka sauke na'urar tantance zanen yatsa a garin Malbaza, cewa za ta ƙi talaka. Ga shi kuwa yana ta dangwala yatsa tana kunna jar wuta, layi na gunaguni a bayansa.

"Baba, ba zanen yatsa, ba geron tallafi," in ji ma'aikaciyar.

"Ɗiyata, ni da yunwa ta kasa kayarwa?"

Ya buɗe tafukansa, sumul. Dakon siminti ya cinye zanen tuntuni. Sai ya dafa bangon buron da ƙarfi, wato ofishin rabon da shi ma ya yi dakon simintin gina shi.

"Zanena na cikin ginin nan. Auno mini gerona. Mai musu ya ɗauko guduma, ya fasa ya duba!"