Mutum na Ɗari

Doka ɗaya ta rage a yaƙin nan: makami mai linzami ba ya faɗa wa ginin da mutum ɗari ke ciki. Da hantsi wani majinyaci ya cika, allon ƙidayar mutanen asibitin unguwa ya koma casa'in da tara.

Ungozoma Gambo ta leƙa ta taga ta kira maƙwabcinsu tela.

"Malam Tanimu, ara mana mutum ɗaya."

"Wallahi Gwaggo, mu ma ɗari muke cif."

Jiniya ta fara kuka. Gambo ta wanke hannu ta koma kan Tabawa, wadda ke naƙuda tun asuba.

"Yunƙura, 'yata. Duk ke muke jira."

Jaririya ta tsala kuka. Ƙarar makamin ta wuce ta samansu, ta sauka a wata unguwar.