Ba a Tashe Ta Ba

Jirgin na ɗagawa daga Birnin Kebbi yarinyar ta farka, ta ga baƙin fuskoki, ta fashe da kuka.

Tun da aka yaye ta take Andarai hannun kakarta, shekara guda cur, uwar tana aiki a Abuja. Yau da asuba uwar ta saɓe ta tana barci. Tsohuwa ta biyo su har bakin mota.

"Tashe ta mu yi bankwana, ɗiyata."

"Inna, in ta tashi kuka za ta yi, jirgi kuma ba ya jira."

Tsohuwa ta shafa ƙafar jikarta kawai, ta ja da baya.

Yanzu uwar ta miƙa biskit, ta jijjiga, ta yi rarrashi, duk a banza. Yarinyar sai ture ta take, tana leƙen tsakanin kujeru tana kiran Inna.

Matar da ke gefensu ta dafa uwar cikin tausayi.

"Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah. Uwarta take nema. Tana jiranku a Abuja ne?"

Uwar ta juya fuskarta wajen taga.